Shiga Sharo Ba Shanu Ko Ceton Rai? Tunani A Kan Babbar Dokar Star Trek

Na san wani zai buɗe wannan mujalla tamu ya ci karo da sunan wasan telebijin na Amurka, ya ce me ya haɗa kifi da kaska? To, a ɗan yi mini haƙuri. Tun muna yara ake zaunar da mu a yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kuma ba wanda ya taɓa cewa tun da Gizo ƙage ne, darasin da ke cikin labarinsa ma ƙage ne. Haka nan Star Trek. Tatsuniya ce ta mutanen Amurka, sai dai su sun ɗora tasu a kan kumbo da taurari. Abin da ya ja ni gare ta wata tambaya ce wadda masu tsara ta suka yi fiye da shekara 50 suna juyawa ba su gama ba, ni ma kuwa ta taɓa hana ni barci. Tambayar ita ce, idan mai ƙarfi da sani ya tarar da wanda bai kai shi ba a bakin halaka, shin wajibi ne ya sa hannu, ko kuwa wajibi ne ya kame?

Asalin Dokar

Wani Ba'amurke mai suna Gene Roddenberry ne ya ƙago Star Trek, gidan telebijin na NBC ya fara nuna shi a watan Satumba na 1966. Zubin farko ya ƙare a 1969 bayan an nuna kashi 79. Daga baya aka yi ta yin sababbin zubi, kowane da nasa kyaftin, ga kuma finafinan silima fiye da 10. A cikin labarin, ɗan Adam ya riga ya bar yaƙi da yunwa a bayansa, ya haɗu da waɗansu halittu masu hankali sun kafa Tarayyar Duniyoyi, suna aika kumbo su binciki sararin samaniya.

Ma'aikatan kumbon nan suna da wata doka da suke kira Prime Directive da Ingilishi, ni kuwa zan kira ta Babbar Doka. Abin da ta ce shi ne, kada su tsoma baki cikin rayuwar wata al'umma, musamman wadda ba ta kai ga ƙera injin da ke tura kumbo ya fi haske gudu ba. Ba za su ba su makami ba, ba za su ba su ilimin da ba su kai gare shi ba, ba za su ma bari su san akwai su ba. Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. Marubutan sun san abin da ya sami mutanen asali na nahiyar Amurka sa'ad da Turawa suka sauka da bindiga da cuta, kuma a daidai lokacin da suke rubutun sojojin ƙasarsu suna can Biyetnam. Watau dai dokar linzami ce da mai ƙarfi ya sa wa kansa. To, bari mu ga yadda kowane zubi ya riƙe wannan linzami.

Kirk: Mai Saurin Hannu

Kyaftin James Kirk na zubin farko ya san dokar, amma da wuya ta hana shi abin da ya yi niyya. A wani kashi na 1967 mai suna "The Apple", ya tarar da mutanen da wata na'ura mai suna Vaal ke riƙe da su. Ba sa tsufa, ba sa ciwo, ba sa haihuwa, aikinsu kawai ciyar da na'urar. Mataimakinsa Spock yana ganin tsari ne da ya karɓi masu shi, a bar su. Likita McCoy yana ganin bauta ce. Da na'urar ta nemi halaka kumbon, sai Kirk ya sa aka ragargaza ta, ya gaya wa mutanen daga yau za su koyi noma da aure da 'yanci, sa'an nan ya hau kumbonsa ya yi gaba. Ba a nuna mana yadda suka kwana a shekarar da ta biyo ba.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne "A Private Little War", wanda aka nuna a Fabrairun 1968, kwanaki kaɗan bayan 'yan Biyetnam ta Arewa da abokansu sun kai babban farmakin nan na Tet. Kirk ya koma wata duniya inda ya taɓa zama, ya tarar Klingon, abokan gaban Tarayya, suna ba mutanen gari bindigar toka a ɓoye, su kuwa suna karkashe mutanen kan dutse. Shugaban mutanen dutsen, Tyree, abokinsa ne, kuma mutum ne da ya ƙi jinin kisa. Shawarar da Kirk ya yanke ita ce shi ma ya ba su bindiga irin ta wancan gefe, don ƙarfi ya zo daidai. McCoy ya yi masa ca, ya ce wannan yaƙi ne da ba zai ƙare ba. Kirk ya ce ya kawo wata dabarar in yana da ita, McCoy ya rasa. Kashin ya ƙare an kashe matar Tyree, mai ƙin kisa ya koma yana neman bindigogi, Kirk kuwa yana maganar a ƙera guda 100, fuskarsa ba walwala.

Abin da nake yaba wa Kirk shi ne ba ya iya ganin wahala ya kau da kai. Abin da nake tsoro a gare shi kuwa shi ne yawan yarda da cewa abin da shi yake kira ci gaba shi ne ci gaba ga kowa. Garin gyaran gira a kan rasa ido.

Picard: Mai Riƙon Doka

Zubin The Next Generation ya gudana daga 1987 zuwa 1994. Kyaftin Jean-Luc Picard mutum ne mai karatu da natsuwa, kuma a hannunsa dokar ta zama kamar aƙida. Wani lokaci wannan ya yi kyau ƙwarai. A "Who Watches the Watchers" na 1989, mutanen wata duniya sun gan shi bisa kuskure suka ɗauke shi abin bauta. Wani masani ya ba shi shawara ya karɓi matsayin ya kafa musu dokoki. Picard ya ƙi ƙememe, har ya tsaya aka harbe shi da kibiya don su ga jininsa su tabbata mutum ne mai mutuwa kamarsu. Mai ƙarfin da aka miƙa wa sujada ya ƙi karɓa, lalle ya cancanci yabo.

Amma a duba "Symbiosis" na 1988. Mutanen Brekka suna sayar wa mutanen Ornara wani magani na wata annoba, alhali annobar ta daɗe da gushewa. Abin da suke ji in sun rasa maganin ba cuta ba ce, ƙishin ƙwaya ne, kuma masu sayarwar sun sani. Likita Crusher ta so a faɗa musu gaskiya, Picard ya ce doka ta hana. Sai dai ya janye kayan gyaran da ya yi niyyar ba su don jiragen dakon maganin, da nufin cinikin ya mutu da kansa. Mutane da yawa suna ganin hikima ce. Ni kuwa ina ganin ya sa hannu ta ƙofar baya, ya kuma bar al'umma guda za ta shiga azaba tana zaton mutuwa ce ta zo, alhali kalma ɗaya za ta rage mata tsoro.

A "Pen Pals" na 1989, wata duniya tana tsattsagewa saboda girgizar ƙasa, kuma mutum-mutumin nan Data yana hira da wata yarinya mai suna Sarjenka ta rediyo. Manyan kumbon suka zauna suka tattauna, Picard ya ba da umurni a yanke hirar. Kafin a yanke sai muryar yarinyar ta fito tana kiran Data cikin tsoro. Nan take ya sake shawara, aka ceci duniyar. Abin farin ciki ne, amma a lura, ba hujja ce ta ceci mutanen nan ba, sa'a ce ta sa aka ji muryar ɗaya daga cikinsu.

Waɗanda ba a ji muryarsu ba su ne mutanen Boraal a "Homeward", wanda aka nuna a Janairun 1994. Iskar da ke lulluɓe da duniyarsu tana tsiyayewa, kowa zai mutu. Picard ya ƙi ceton ko da ƙauye guda, ya tsaya da ma'aikatansa suna kallo har aka gama. Ashe wani masani, Nikolai Rozhenko, ya saci mutanen ƙauye ɗaya ya ɓoye su a wani ɗaki na kumbon inda na'ura ke ƙaga kowane irin wuri har mutum ya zaci gaske ne. Aka kai su wata duniya ba su sani ba. Ɗaya daga cikinsu, Vorin, mai ajiye tarihin ƙauyen, ya gano gaskiya, abin ya fi ƙarfin zuciyarsa, ya kashe kansa. Marubutan sun sa mutuwar Vorin don su nuna dokar tana da dalili. Amma ni na kasa fahimtar lissafin da zai ce don tsoron kada mutum ɗaya ya ruɗe, gara kowa ya mutu. Al'adar da ake cewa ana karewa, a ina za ta zauna in babu masu ita?

Wata 3 bayan an nuna wannan kashi, kisan ƙare dangi ya ɓarke a Ruwanda. A cikin Afrilun 1994, ana tsakiyar yanka mutane, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya rage sojojinsa da ke can zuwa 270. Cikin kwana kamar 100 aka kashe fiye da rabin miliyan. Ban ce marubutan sun hango wannan ba. Na kawo shi ne don kada a ce tambayar tamu ta taurari ce kawai.

Sisko, Janeway Da Archer

Zubin Deep Space Nine, daga 1993 zuwa 1999, ya bambanta da sauran ta fuska ɗaya muhimmiya. Benjamin Sisko ba kumbo mai yawo yake shugabanta ba, tasha ce da ke kusa da duniyar Bajor, wadda 'yan Cardassia suka mamaye gomman shekaru suna bautar da mutanenta, Tarayya kuwa ta naɗe hannu. Tun a wani kashi na 1991 wani dattijon Bajor da ke gudun hijira ya goranta wa Picard cewa sun zama 'yan kallo. Sisko ya zauna da waɗannan mutane shekara 7, kullum yana ganin tabon abin da kamewa ta haifar. Sa'an nan a "In the Pale Moonlight" na 1998, da yaƙi ya ci Tarayya, shi da kansa ya haɗa baki aka ƙirƙiri shaidar ƙarya don a jawo daular Romulan cikin yaƙin, har rai biyu suka salwanta a kan hanya. Ashe kamewar tana da iyaka, kuma iyakar ita ce ranar da wuta ta kama gemun mai kamewar.

Kyaftin Kathryn Janeway ta Voyager, daga 1995 zuwa 2001, ta fara tafiyarta da karya dokar. Ta rushe na'urar da za ta mai da su gida don kada ta faɗa hannun Kazon su zalunci mutanen Ocampa, ta bar ma'aikatanta da tafiyar da za ta ci shekara kamar 75. Amma kashin da ya fi burge ni shi ne "Prime Factors" na 1995. Sun tarar da mutanen Sikaris, masu na'urar da za ta rage musu fiye da rabin hanya. Suka roƙa, aka ce musu a'a, dokar ƙasar ta hana ba baƙo irin wannan ilimi. Janeway ta gane cewa yau su ne a bayan shinge, waɗansu manyan ma'aikatanta kuwa suka bi ta bayan fage suka samo na'urar, ta kuma ƙi yin aiki. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Mafi muni a ganina shi ne "Dear Doctor" na 2002, daga zubin Enterprise, wanda labarinsa ya faru tun kafin a kafa dokar. Mutanen Valakia suna mutuwa da wata cuta ta gado, suka fito sararin samaniya musamman don neman taimako. Likita Phlox ya gano maganin. Sai ya ce kada a ba su, domin akwai wata ƙabila a duniyar, Menk, wadda yake ganin ita za ta bunƙasa in waɗannan suka ƙare, kuma bai kamata a tare wa halitta hanyarta ba. Kyaftin Jonathan Archer ya yi gardama, daga baya ya yarda, aka ba su abin rage raɗaɗi kawai. To, in haka ne, kowane likita mai laifi ne, domin duk wanda ya warkar da zazzaɓi ya tare wa cuta hanya. Archer ya ce bai zo don ya zama mai yanke ƙaddarar wasu ba. Amma mutumin da ke riƙe da magani a aljihu ya zaɓi wace ƙabila za ta rayu, ai ya riga ya yanke.

Abin Da Silima Ta Ƙara

Finafinai biyu sun taɓa batun kai tsaye. A Insurrection na 1998, wani babban hafsa, Dougherty, yana so a kwashe mutanen Ba'ku, su 600, daga duniyarsu a asirce, don a tatsi wani sinadari mai sabunta jiki da zai amfani ɗimbin jama'a. Da Picard ya tuna masa da dokar, sai ya ce ba ta shafe su ba, tun da ba 'yan asalin wurin ba ne. Picard ya cire alamar muƙaminsa ya tsaya tare da su. A nan ne na ga amfanin dokar sosai, domin ta tsaya tsakanin mai ƙarfi da kwaɗayinsa. A nan ne kuma na ga rauninta, domin mai ƙarfin ne ke fassara ta. Mu ba baƙin wannan ba ne. A Sakkwato cikin Maris na 1903, Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin mutane ba, a cikin jawabin da ya ce naɗin sarakuna da haraji sun koma hannun Ingila. Shi ya zana iyakar abin da zai taɓa da wanda zai bari.

A Into Darkness na 2013 kuwa, saurayin Kirk da Spock sun hana wani dutse mai aman wuta halaka wata ƙabila, sa'an nan Kirk ya bayyana kumbon a fili don ya ceci Spock. Aka ƙwace masa kumbon. Amma fim ɗin bai tsaya ya auna batun ba, ya wuce zuwa harbe-harbe. Gaskiya ita ce telebijin ta fi silima haƙurin zama da tambaya mai wuya.

Inda Na Tsaya

Bayan na jera waɗannan, ga abin da na fahimta. Dokar ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne ta ba su suna guda. Akwai shiga don ka mai da mutane irinka, ko don ka ci amfaninsu, akwai kuma miƙa hannu ga wanda ruwa ke ci. Na farko shi ne shiga sharo ba shanu, kuma a kansa Picard ya fi Kirk gaskiya. Na biyu kuwa haƙƙi ne, kuma a kansa Kirk da Janeway sun fi Picard da Archer. Da ni za a tambaya, sai in ce mai niyyar sa hannu ya yi wa kansa tambaya huɗu. Shin masu abin sun nemi taimako, ko an tambaye su? Domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin mamaki, a yawancin kashin nan ana yanke hukunci ne a ɗakin taron kumbo, ba ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa. Shin abin da ke cikin haɗari salon rayuwa ne ko ran kansa? Shin ni ina da abin da zan samu? In akwai, to, in tuhumi kaina sau biyu. Ta ƙarshe kuma ita ce mafi nauyi: shin zan tsaya in ɗauki abin da zai biyo baya? Kirk yana gyara ya tafi, Picard yana kamewa ya tafi. Dukansu kumbo ne ke raba su da sakamakon hukuncinsu. Sisko kaɗai aka tilasta wa kwana da nasa, shi ya sa ko da ya yi kuskure, ya san nauyinsa.

Na ce tambayar ta taɓa hana ni barci. A shekarata ta farko a jami'a, ina da abokin ɗaki, yaro mai ƙoƙari da kunya. Na fara ganin kwalaben maganin tari a ƙarƙashin gadonsa, alhali ba ya tari. Na ga barcinsa ya yi yawa, ya fara fashin lacca. Na ce wa kaina ba yaro ba ne, kowa da rayuwarsa, in na yi magana zai ce na raina shi. Yayansa ya zo ziyara sau biyu, muka gaisa, muka yi hirar ƙwallo, ban ce komai ba. Ƙarshen shekara bai ci jarrabawa ba, ya tattara kayansa ya tafi, har yau ban san inda yake ba. A lokacin ina kiran abin da na yi mutunta shi. Yanzu na san tsoron ɓacin rai ne kawai na sa wa riga mai kyau. Ban ce maganata za ta cece shi ba, amma na hana shi damar jin ta.

Kishiyar wannan kuma tana nan tana jiranmu duk hutu. Ɗalibi ya koma garinsu da karatun zango biyu, ya shiga gyara wa tsohonsa yadda ake ajiye hatsi a rumbu, ya kushe wa tsohuwarsa yadda take renon jikoki, bai tambayi dalilin ko ɗaya ba, hutu ya ƙare ya hau mota ya bar su da rigimar da ya tayar. Wannan shi ne Kirk a gaban Vaal.

Kammalawa

'Yan'uwa, ba mu da kumbo, amma ɗan ilimin da aka ba mu ya sa mu a matsayin da za mu riƙa ganin abin da wasu ba su gani ba, a unguwa, a asibiti, a aji, a ofis. Ranar da hakan ta faru, ba wata doka guda da za ta ɗauke mana nauyin tunani. Shawarata ita ce mu yi jinkirin gyara wa mutane al'adarsu, mu yi hanzarin ceton ransu da lafiyarsu, mu tambaye su kafin mu yanke, sa'an nan in mun sa hannu kada mu gudu. Na san akwai masu ganin na tsananta wa Picard, musamman abokaina na sashen shari'a, waɗanda za su ce doka in ta fara karɓar uzuri ta mutu. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ina fata wani daga cikinsu zai ɗauki alƙalami ya ba ni amsa a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.